Iyakwandishan Tsohuwar Mota: Abin da Ya Kamata Mai Mota Ya Sani Kafin Ya Biya Kuɗin Gas

KEFFI, Jihar Nasarawa — Da zarar hunturu ya yi sallama, bazara ta kankama a watannin Maris da Afrilu, zafin rana a garin Keffi kan haura digiri 35 a ma'aunin Salshiyos. A irin wannan lokaci ne masu motoci ke tunawa da na'urar sanyaya mota, wato iyakwandishan, wadda da yawansu suka yi watanni ba su kunna ba. A lokacin ne kuma kasuwar masu gyaranta ke buɗewa, musamman ganin cewa akasarin motocin da ke zirga-zirga a wannan yanki sun kwana biyu a duniya.

Mazaunin Liman Abaji, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Keffi, wanda ke fita aiki ko fatauci zuwa Abuja, yana da tafiyar kimanin kilomita 50 a gabansa. Tafiyar ba ta da nisa, amma cunkoson motoci a Masaka da Mararaba da Nyanya kan mayar da ita doguwa. Ga wanda ke zaune cikin wannan cunkoso da tsakar rana, ko direban haya da ke neman fasinja mai biyan kuɗi da gwaɓi, lafiyar iyakwandishan ta zama wani ɓangare na jarinsa. Haka nan a wurin dillalan motoci, motar da na'urarta ke sanyi ta fi daraja a kan wadda ba ta yi, ko da shekarunsu ɗaya.

Sai dai kuɗin kula da wannan na'ura ya ƙaru ainun. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin Naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin wannan shekara, Dalar Amurka ta tashi daga kimanin Naira 460 a kasuwar hukuma zuwa sama da Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Tunda gas ɗin sanyaya mota da kusan dukkan kayan gyaranta daga ƙasashen waje ake shigo da su, nauyin ya sauka kai tsaye a kan mai mota. Saboda haka duk kuskuren da aka yi wajen gyara a yau, hasararsa ta ninka ta da.

Yadda tsofaffin motoci suka cika hanya

Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a shekarar 1975, kuma ƙirar 504 da ya yi ta fitarwa har tsakiyar shekarun 2000 ta zama motar ma'aikaci da ta gwamnati da ta haya. Amma tun daga 1986, lokacin da aka ɓullo da shirin gyara tattalin arziki na SAP, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai matsakaicin samu. Daga nan ne aka koma ga motocin gwanjo daga Turai da Amurka, waɗanda jama'a ke kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano. Ta wannan hanya ce Marsandi 190 da Golf da Carina da Camry da Honda Accord suka mamaye tituna.

Wannan tarihi yana da nasaba da aikin mai gyara ta fuska biyu. Ta farko, ƙananan motoci da yawa da aka ƙera domin ƙasashen Turai masu sanyi sun iso babu iyakwandishan, sai a nan gida aka ɗora musu. Irin waɗannan ba su da tsari guda, domin kowane mai haɗawa ya ajiye sassan inda ya sami sarari. Ta biyu, motocin sun kasu bisa irin gas ɗin da aka ƙera su da shi, kuma shekarar ƙira ce ke nuna hakan.

Gas iri uku, zamani uku

Tun da kamfanin Packard na Amurka ya fara sayar da mota mai iyakwandishan a wajajen 1939, gas ɗin da ake kira R-12, wanda aka fi sani da Freon, shi ne ya yi sarauta fiye da shekara hamsin. Daga baya masana kimiyya suka gano cewa yana cinye lulluɓin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. Wannan ya sa aka ƙulla Yarjejeniyar Montreal a shekarar 1987, Nijeriya kuma ta shiga cikinta a 1988. Ƙasashe masu arzikin masana'antu sun daina sarrafa R-12 daga farkon 1996, ƙasashe masu tasowa kuwa, har da Nijeriya, wa'adinsu ya cika a ranar 1 ga Janairun 2010.

Tsakanin 1992 da 1994 kamfanonin ƙera motoci suka koma ga R-134a, wanda ba ya taɓa ozon. Shi ma daga bisani aka same shi da laifin ɗumama yanayi, domin ƙarfinsa ta wannan fuska ya ninka na iskar kabon sau 1,430. Tarayyar Turai ta haramta shi a cikin dukkan sababbin motoci daga Janairun 2017, aka maye gurbinsa da R-1234yf, wanda ya fi shi tsada nesa ba kusa ba.

Ma'anar wannan ga mai mota ita ce, motar da aka ƙera kafin 1993 galibi ta R-12 ce, sai fa idan an riga an sauya mata tsari. Wadda aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa wajajen 2013 kusan dukkansu R-134a suke sha. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce a ɗaga murfin inji a nemi 'yar takardar da kamfani ya liƙa a jikin murfin, ko a kan ƙarfen da ke saman lagireto. A jikinta an rubuta irin gas ɗin, da nauyin da na'urar ke ɗauka, wanda a ƙananan motoci yakan kama daga giram 500 zuwa 900, da kuma irin man da kwamfuresa ke bukata.

Ina kowane sashe yake?

Na'urar tana aiki ne da dabara guda: ruwan da ke tafasa yana zuƙar zafi daga abin da ke kewaye da shi. R-134a yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifiri. Aikin sassan shi ne su matse gas ɗin ya zama ruwa a gaban mota, sannan su bar shi ya tafasa a cikin ɗakin fasinja, ya kwashe zafin ya fita da shi, a sake zagayowa.

Kwamfuresa ita ce zuciyar na'urar, kuma ita ce mafi tsada. Tana ɗaure a jikin inji, sau da yawa daga ƙasa, fambel na juya ta. Ana gane ta da bututu biyu da suka fito daga jikinta da wayar lantarki da ke shiga gabanta. A tsofaffin motoci tana da kulochi na maganaɗisu, wanda idan aka kunna iyakwandishan ake jin ƙararsa ƙas, sai a ga farantin gaba ya fara juyawa tare da fambel. Ƙirar Denso da Sanden, dukkansu na Japan, suna cikin waɗanda aka fi samu a kasuwanninmu.

Daga kwamfuresa gas mai zafi yakan bi siririn bututu zuwa kwandensa, wadda ke kama da ƙaramar lagireto, tana tsaye a gaban lagireton mota. A nan iska da fanka ke huce shi ya zama ruwa. Kusa da ita akwai wani gwangwanin ƙarfe dogo, wato diraya, mai ɗauke da ƙwayoyin da ke tsotse danshi da matacin da ke tare datti. A motocin R-12 da wasu na farkon R-134a akwai ɗan gilashi a kansa ko a kan bututun da ke kusa, inda ake leƙa gudun ruwan. A motocin da aka ƙera bayan shekarar 2000 kuwa, sau da yawa diraya na manne a gefen kwandensa.

Daga nan ruwan yakan isa wani ƙaramin bawul da ke jikin bangon da ya raba inji da ɗakin fasinja, ko a bayansa. Shi ke rage matsi yana fesa ruwan cikin ebaforeta, wadda ke ɓoye a cikin akwati a ƙarƙashin dashbod, galibi ta ɓangaren fasinja. Fankar ciki ke hura iska ta ratsa ta, iskar ta fito da sanyi. Toyota da Honda da Marsandi na wancan zamani wannan tsari suke bi. Motocin Amurka da yawa, irin na Ford da General Motors, suna amfani da wani siririn bututu mai ƙaramar ƙofa a maimakon bawul, kuma gwangwaninsu yana kan babban bututu, kusa da bangon inji.

Sauran abin da ya kamata a sani shi ne ƙofofin awo guda biyu. Ta ƙaramin matsi tana kan bututu mai kauri da ke dawowa daga ebaforeta zuwa kwamfuresa, wanda idan na'ura na aiki za a ji shi da sanyi har yana gumi. Murfinta yakan ɗauki harafin L, ko ya zama shuɗi. Ta babban matsi tana kan siririn bututu mai zafi, da harafin H ko jan murfi. Ƙofofin R-12 masu zare ne irin na bawul ɗin taya, na R-134a kuwa maƙalawa ake yi, kuma girmansu ya bambanta domin kada a yi kuskure. Duk ɗurin gas na gwangwani ta ƙofar ƙaramin matsi ake yin sa. Haɗa gwangwani da ɗaya ƙofar na iya fasa shi a hannun mutum.

"Gas ya ƙare"

Wannan ita ce maganar da mai mota ya fi ji a gareji, kuma a nan ne kuɗi suka fi zurarewa. Gas ɗin iyakwandishan ba kamar fetur yake ba, ba ya ƙonewa, zagayawa kawai yake yi a rufaffen wuri. Tsohon tiyo kan ɗan tsatsar da kaɗan cikin shekaru, amma na'urar da ke neman ɗuri duk bayan wata biyu ko uku tana yoyo. Wanda ya ci gaba da ɗurawa bai toshe kafar ba, zai biya kuɗin gas sau uku ko huɗu a shekara, daga ƙarshe ya biya na kwamfuresa, domin gas ɗin ne ke ɗaukar mai yana zagayawa da shi, kuma ta inda gas ya fita man ma ta nan yake bi.

Wuraren da suka fi yoyo su ne zoben roba na mahaɗar bututu, da bakin sandar kwamfuresa, da kwandensa wadda tsakuwa ke bugu a hanya, da bawul ɗin ƙofofin awo. Alamar farko ita ce maiƙo da ƙura ta manne masa. Ƙwararre yakan cika na'urar da busasshiyar iskar nitirojin ya bi mahaɗai da ruwan sabulu, ko ya zuba rini mai ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman. Haramun ne a wannan sana'a a gwada yoyo da iskar oksijin ta masu walda, domin haɗuwarta da mai na iya haddasa fashewa.

Har ila yau, ba kowane rashin sanyi ne ke da nasaba da gas ba. Fis da ya ƙone, ko rile, ko makunnin matsi, ko fambel da ya saki, ko fankar kwandensa da ta mutu, kowannensu na iya hana sanyi, kuma gyaransu ba shi da tsada. Ƙurar hunturu ma kan toshe haƙarƙarin kwandensa, wanda wanki da ruwa marar ƙarfi ke magancewa. Motoci da yawa na kafin ƙarshen shekarun 1990 ba su da matacin iskar ɗaki, saboda haka ƙura da ganye kan taru a jikin ebaforeta su rage ƙarfin iska. Idan kuwa ruwa na zuba a kan ƙafar fasinja, ɗan tiyon da ke fitar da raɓa ƙarƙashin mota ne ya toshe.

Agogon awo mai fuska biyu shi ke raba gardama. A rana mai zafi, lafiyayyar na'urar R-134a kan nuna tsakanin 25 da 45 a ma'aunin psi ta ɓangaren ƙaramin matsi, da kimanin 150 zuwa 250 ta ɓangaren babba, gwargwadon mota da yanayi. Idan duka biyun sun yi ƙasa, gas ya ragu. Idan na ƙasa ya hau, na sama ya sauka, kwamfuresa ta gaji. Idan na sama ya wuce kima, ko dai kwandensa ba ta hucewa, ko an ɗura gas ya yi yawa, ko iska ta shiga. Idan kuma sanyi na zuwa ya ɗauke, a kashe a jima ya dawo, ana zargin danshi ne ke daskarewa a bakin bawul.

Ka'idar ɗuri da sauya tsari

Duk lokacin da aka buɗe na'urar, ka'ida ita ce a sa sabuwar diraya, a kuma zuƙe iska da danshi da injin zuƙa na tsawon aƙalla minti 30, a rufe a ga ko agogo zai motsa. Bayan haka a ɗura gas bisa sikeli, daidai nauyin da kamfani ya rubuta. Al'adar tsallake zuƙa, a saki ɗan gas a ce an kori iska, tana barin danshi a ciki, shi kuma danshi idan ya gauraya da gas da mai yakan zama ruwan batir mai cin ƙarfe daga ciki.

Mai motar R-12 da ke son komawa R-134a sai ya san cewa man na'urorin biyu ba ɗaya ba ne. R-12 na tafiya da man ma'adinai, wanda R-134a ba ya iya ɗauka. Dole a fitar da tsohon man, a zuba na PAG ko na esta, a sauya diraya da zoben roba da ƙofofin awo, a ɗura kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na nauyin da, sannan a liƙa sabuwar takarda domin mai gyara na gaba. Sanyin kan ɗan ragu a cunkoso, abin da ƙarin fanka a gaban kwandensa ke taimakawa a kai.

Idan kwamfuresa ta ƙone, takan watsa ɓarɓashin ƙarfe cikin bututu. Wanda ya ɗora wata bai wanke bututun ba, bai sauya diraya da bawul ba, ba da jimawa ba zai sake sayen wata.

Kasuwar kayan gyara da haɗarin jabu

Mai gyara a Keffi yakan nemi abin da bai samu a gari ba a Apo da Zuba cikin Babban Birnin Tarayya, ko Panteka ta Kaduna. Manyan rumbunan wannan ciniki a ƙasar nan su ne Ladipo a Legas da Nkwo a Nnewi, sai Ƙofar Ruwa a Kano. Zaɓi yakan tsaya tsakanin sabuwar kwamfuresa mai araha wadda ba a san asalinta ba, da 'yar gwanjo ta asali da aka ciro daga wata mota. Mai sayen gwanjo ya duba ko ƙofofinta a toshe suke, ya juya farantin da hannu ya ji ko yana tafiya sumul, ya tsiyayo man ya ga ko ya yi baƙi ko yana da ɓarɓashi, ya gwada kulochin da batir, ya kuma daidaita ta da tsohuwar wajen ƙafafu da layukan fambel. Ya nemi sharaɗin mayarwa kafin ya biya. Diraya da zoben roba kuwa ba a sayen gwanjonsu.

Haɗarin da ya fi girma yana cikin tukunyar gas. Araha ba ta ado. Wasu kan ɗura wa mota R-22 na iyakwandishan gida, wanda matsinsa ya fi ƙarfin tiyo da kwamfuresar mota. Wasu kan zuba R-600a na firiji ko makamancinsa, alhali mai kama wuta ne, ga shi ebaforeta na cikin ɗakin fasinja. Akwai kuma jabun R-134a da ake gauraya da R-40, wanda ke cin alminiyom yana haifar da sinadari mai kamawa da wuta da zarar ya sha iska. A shekarar 2011 kwantenoni masu sanyi da aka ɗura wa irin wannan jabu sun fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Birazil, ma'aikata uku suka rasa rayukansu. Gas ɗin kirki ma yana da nasa haɗari: ruwansa na ƙona fata da ido saboda tsananin sanyi, kuma idan ya haɗu da harshen wuta yakan zama hayaƙi mai guba, don haka ba a walda a kan bututun da ke da gas.

Abin da ke tafe

A watan Oktoban 2016 aka yi wa Yarjejeniyar Montreal kwaskwarima a Kigali, babban birnin Ruwanda, domin rage amfani da rukunin gas ɗin da R-134a ke ciki. Nijeriya ta amince da ita a ƙarshen 2018. Bisa jadawalin rukunin ƙasashen da take ciki, an tsayar da ƙaruwar amfani daga 2024, za a rage kashi 10 cikin 100 a 2029, a ci gaba da ragewa har a kai kashi 80 cikin 100 a 2045. Abin da ya faru da R-12 ya nuna cewa idan kaya ya yi ƙaranci farashi kan hau, 'yan jabu kuma su sami kasuwa. A ɗaya ɓangaren, motocin gwanjo masu R-1234yf sun fara shigowa, kuma suna bukatar nasu kayan aiki.

Alhakin sa ido ya rataya a kan Ofishin Ozon na Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, da hukumar NESREA da aka kafa a 2007, da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON, da Hukumar Kwastan. Ya kamata waɗannan hukumomi su haɗa hannu da ƙungiyar masu gyaran firiji da iyakwandishan ta NARAP da ta kanikawa ta NATA, domin horon da ake bayarwa ya sauko daga manyan birane ya iso garuruwa irin su Keffi da Akwanga da Lafiya. Injin zuƙa, da sikeli, da na'urar tantance gas, da ta kwashe shi a adana a maimakon sakinsa a iska, sun fi ƙarfin aljihun ƙaramin mai gareji shi kaɗai, amma ba za su gagari ƙungiya ko bashi mai sauƙin ruwa ba. Hanya ce kuma ta samar wa matasa sana'a mai kasuwa.

Shi kuwa mai mota, akwai abin da ke hannunsa wanda ba ya cin kuɗi. Ya riƙa kunna iyakwandishan na minti goma a kowane mako, ko da cikin hunturu ne, domin mai ya zagaya ya jiƙa robobi. Ya buɗe gilasai zafin da ya taru ya fita kafin ya kunna, wanda hakan ke rage shan mai. Ya riƙa wanke kwandensa bayan kowane hunturu. Idan kuma gyara ya kama, ya tambayi inda yoyon yake, da irin gas ɗin da za a zuba, da nauyinsa, ya tsaya a yi zuƙa da awo a kan idonsa kafin ya biya.